Maikuroskop ɗin dana siya saboda karatun ƙwayoyin cuta, bayan wata 8 ina aiki dashi

'Yan ajinmu da ƙannenmu na ƙasa damu sun dameni da tambaya akan maikuroskop ɗinnan dana siya, ya biya kuɗinsa ko bai biya ba, suma su siya ko su haƙura, shine nace bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Wata 8 yayi akan teburina kuma kusan kullum sai na kunna shi ko na minti 20 ne, don haka abinda zan faɗa ba zumuɗin ranar buɗe kwali bane. Bazan kama sunan kamfanin ba, irinsa sun cika intanet, jikin kusan ɗaya ne kowa dai ya liƙa nasa sunan, abinda na gani a nawa zai hau kan yawancinsu.

Abinda yasa na siya shine firaktikal ɗinmu. Awa 2 ne a sati, mu bakwai ko takwas akan na'ura ɗaya, malamin lab ya riga ya saita komai ya nemo wurin da yafi kyau a silaid ɗin, kai dai ka leƙa na daƙiƙa 30 ka zana abinda ka gani na bayanka ya matso. Sai ranar jarabawa aka ajiye min silaid ba a saita ba, aka ce nemo ka faɗi menene, wallahi minti biyun suka ƙare ina juya fokas ban ga komai ba sai farin haske. Na san amsar a takarda, na haddace ta tsaf, amma hannuna da idona basu san aikin ba. Ranar raina ya ɓaci sosai don na ga karatun da nake so yana neman wuceni ta inda ban zata ba.

Wanda na ɗauko mai ido biyu ne, fitilarsa LED ce, da batir a ciki da ake caji. Objektib, wato gilashin da ke kusa da silaid, guda huɗu ne, 4x da 10x da 40x da 100x na mai, sai gilashin ido kala biyu, 10x da 25x. Akwai kondensa a ƙasa, gilashin da ke tara haske akan silaid, da ɗan hannun buɗewa da rufe haske, sannan sitejin na inji ne wato kana matsar da silaid da maɓalli ba da yatsa ba. Jikin ƙarfe ne mai nauyi, kuma nauyin nan alheri ne don idan kana kan 100x ko tebur aka ɗan taɓa sai hoton yayi rawa, mai sauƙin nauyi na roba bazai tsaya maka ba. An haɗo da ƙaramar kwalbar mai, da akwatin silaid 50 da aka riga aka shirya, da abin maƙala waya, da marufin ƙura.

Bari in fara da abinda yafi ɓata min rai, rubutun da suka yi ɓaro-ɓaro a kwalin cewa yana girmama abu sau 2500. Lissafin nasu 100 ne sau 25, a lissafi gaskiya ne, a aiki kuma yaudara ce kuma da ita suke kama ɗalibai. Girman hoto daban, rarrabe abu biyu da suke kusa da juna daban. Tun 1873 Ernst Abbe ya nuna cewa maikuroskop mai aiki da haske yana da iyaka, duk abinda tazararsa ta gaza kusan maikuromita 0.2 (maikuromita kashi ɗaya ce cikin dubu na milimita) zai haɗe maka ya zama abu ɗaya komai tsadar gilashin. Lambar da ya kamata ka duba itace ƙaramar nan da ke gefen objektib, a nawa 0.10 da 0.25 da 0.65 da 1.25, ita ke faɗin yawan hasken da gilashin ke iya tarawa. Ƙa'idar da aka koya mana itace girman da zai amfaneka baya wuce wannan lamba sau 1000, kenan a 1.25 iyakarka 1250. Na saka 25x ɗin don in gani da idona, ƙwayoyin suka yi girma kam amma sun dusashe, haske ya ragu, filin ya matse, abinda nake gani a fili da 10x ya koma kamar tabon tawada da ruwa ya taɓa. Tun satin farko na mayar dasu kwali ban sake ciro su ba. Sau 1000 shine aikin bakteriya a ko ina, kuma nan wannan na'urar tayi ƙoƙari.

Tayi ƙoƙari sosai ma. Tsakiyar fili a 100x da mai fes yake, Staphylococcus da faɗinsa bai wuce maikuromita 1 ba kana ganinsa ɗaya ɗaya a cikin curinsa, sarƙar Streptococcus kana iya ƙirga ƙwayoyinta. Idan ka saita a 10x ka juya zuwa 40x baka rasa hoton, ɗan taɓa ƙaramin fokas kaɗan ya isa, daga 40x zuwa 100x ne yake ɗan kaucewa amma ba sosai ba. Gilashin akuromat ne ba filan ba, ma'ana gefen fili yana dusashewa idan tsakiya ta fito, kusan kashi ɗaya cikin uku na gefen sai ka sake juya fokas kafin ka ganshi. Na lab ɗinmu filan ne, fili duka shimfiɗe yake, ranar dana koma kansu na ji bambancin. Ga mai koyo wannan ba matsala bace babba, sai dai idan kana bin silaid fili bayan fili idonka zai gaji da wuri.

Maganar mai kuwa nan na fara gane abinda nake haddacewa. Gilashi yana lanƙwasa haske da kusan 1.52, iska 1.0, to hasken da ya fito daga silaid ya shiga iska sai ya watse wani bai shiga objektib ba, man kuma 1.515 ne, yana cike gurbin kamar gilashi ne ɗaya tun daga silaid har lens. Na gwada 100x ba mai, duhu-duhu da hazo, na ɗiga ɗigo ɗaya sai ga komai ya fito, tun ranar ban sake buƙatar haddar wannan bayanin ba. Kuskuren da nayi kuma ina roƙon kowa ya kiyaye shine bayan na saka mai na juya baya ta kan 40x, shi kuma bakinsa kusa da silaid yake, ya sharɓi man ban lura ba. Kwana uku ina ganin hazo a 40x har na fara zargin na'urar ce ta lalace, sai da na ciro shi na haska da fitila na ga man ya kwanta a bakinsa. Takardar goge lens da ɗan ruwan gogewa ne suka ceceni don bai kai ga shiga ciki ba. Idan ka saka mai ka juya ta ɓangaren 4x, kuma ka goge 100x ɗin duk ranar da ka gama kar ka bari ya kwana.

Inda na fi cin ribar kuɗina shine rinin Gram, rinin da ke raba bakteriya gida biyu, masu shuɗi da masu ja. Kayan rinin daban na siya, basa cikin kwalin. Samfurin da nake aiki dashi nawa ne na jikina, dattin haƙori da nake kankarowa da tsinke da kuma ɗan goge cikin kumatu, kuma abin ya burgeni da na tuna irin wannan dattin haƙorin ne Antonie van Leeuwenhoek ya duba a Delft ya rubuta bayaninsa a 1683 da ɗan gilashinsa guda ɗaya tak. A takarda aikin layi huɗu ne, kiristal bayolet minti 1, aidin minti 1, alkohol na wankewa 'yan daƙiƙu, safaranin a ƙarshe. A hannu kuwa silaid goma na farko duk ja suka fito min, komai ja, har ƙwayoyin da na san ya kamata su riƙe shuɗi, saboda ina barin alkohol ya daɗe. Sai na rage, na kuma cika kaurin shafin, wato samfurin da nake shafawa akan silaid, sai komai ya fito shuɗi-baƙi a cure ba a rarrabe komai. Wajen silaid na ashirin na kamo hannun, shafi siriri yadda zaka iya karanta rubutu ta bayansa, a barshi ya bushe da kansa kafin a gitta shi ta wuta sau biyu ko uku, a karkata silaid a ɗiga alkohol har kalar ta daina zuba a wanke nan take. Wani abu da malamin lab ɗinmu ya nuna min, Allah ya saka masa, shine in duba ƙwayoyin jikin mutum da ke cikin shafin, idan sun fito ja-ja to wankin yayi, idan sun riƙe shuɗi sosai ban wanke da kyau ba kuma kar in yarda da kalar bakteriyar da ke kusa dasu.

Daga nan ne bayanin bangon ƙwaya ya zauna min. Masu riƙe shuɗi bangonsu na feftidogilaikan mai kauri ne, alkohol yana tsotse shi ya matse rinin da aidin a ciki, masu ja kuma bangon siriri ne da wata fatar mai a waje wadda alkohol ke narkarwa rinin ya zube. Hans Christian Gram ɗan Denmak ya fito da hanyar a 1884 a Balin yana duba huhun mutanen da ciwon nimoniya ya kashe, shekara 140 kenan da ɗoriya kuma har yau itace abu na farko da ake yiwa ruwan ƙashin baya idan ana zargin sanƙarau, likita na jiran sakamakon ya san ta inda zai fara magani. Idan ka tuna haka ka kuma tuna cewa daƙiƙa biyar na alkohol zasu iya juya maka amsa, zaka gane me yasa nake cewa maimaitawa a gida ba wasa bane. A firaktikal sau biyu kawai na taɓa yin Gram da hannuna a shekara guda. A ɗakina na wuce sau 100.

Akwatin silaid 50 ɗin da suka haɗo dashi kuwa bai min amfani ba. Fiye da rabi saiwar tsiro ne da ƙafar ƙwaro da fiffiken sauro, na 'yan sakandare, na bakteriya guda shida ne kuma kalarsu ta koɗe, ɗaya an rubuta masu zagaye ne ni kuma sanduna nake gani. Sai da na nemi wani saiti daban na farasaitoloji (karatun tsutsotsi da ƙwayoyin da ke rayuwa a jikin mutum) daga masu sayar da kayan koyarwa na likitanci, matattun samfura da aka rufe da gilashi, shi ne ya zama abokin karatuna. Ƙwan Schistosoma haematobium da ƙayarsa a can ƙarshe, na mansoni da tasa a gefe, ƙwan Ascaris da bawonsa mai ƙurji-ƙurji, na tsutsar hukwom da bawo siriri kamar an zana da fensir, duk a 10x da 40x suke fitowa ba sai da mai ba. Sai silaid ɗin jini na maleriya, wanda nafi daɗewa akansa. Zoben Plasmodium falciparum ƙarami ne siriri, wani lokaci biyu ko uku a jar ƙwaya ɗaya, wani da ɗigo biyu, jar ƙwayar bata kumbura, sannan gametosait ɗinsa, matakin da sauro ke ɗauka, kamar jinjirin wata. Na vivax jar ƙwayar tana girma da ɗige-ɗigen Schüffner. Duk wannan yana cikin hanawut, abinda baya ciki shine yadda filatilet, ƙaramar ƙwayar da ke sa jini ya daskare, da ya hau kan jar ƙwaya yake kama da zobe, da yadda ɓurɓushin rinin Giemsa ke yaudarar ido. Sati biyu ina kiran filatilet maleriya kafin idona ya koyi neman abubuwa uku tare, jan ɗigo, shuɗin zobe, da ramin tsakiya. Nakan yi tunanin Alphonse Laveran da ya hango wannan ƙwayar a 1880 a Kwanstantin ta Aljeriya a ɗanyen jini ba rini ko kaɗan, irin haƙurin idon da wannan ke buƙata.

Kondensar ma sai da na ɗauki lokaci kafin na daraja ta. Da farko ina amfani da hannun rufe hasken kamar abin rage fitila ne, ashe ba aikinsa kenan ba. Idan samfurin ɗanye ne ba rini, kamar ruwan kududdufi da nake ɗebowa don koyon bin abu mai motsi, sai ka rufe shi kaɗan ƙwayoyin su fito da gefe, idan ka buɗe duka su ɓace a cikin haske. Idan kuma rinannen silaid ne a 100x sai ka ɗaga kondensa sama ka buɗe sosai, in ba haka ba ka zubar da 1.25 ɗin da ka biya. Rashin da na gani anan shine babu marufi na biyu a bakin fitila, don haka bazaka iya saita hasken Köhler cikakke ba, hanyar daidaita haske ya bazu daidai a fili da August Köhler ya kawo a 1893 wadda ake tambayarmu a jarabawa. Wannan sai a na makaranta na koya. Da na sani tun farko da na nemi mai shi.

Sitejin yayi min aiki lafiya wata huɗu, a na biyar maɓallin gaba da baya ya fara tauri, sannan sitejin duka ya riƙa sauka da kansa a hankali, ka saita ka ɗauke ido ka rubuta layi biyu ka dawo hoton ya tafi. Akwai wani zobe a jikin babban fokas na ƙara ƙarfi, dana matse shi saukar ta tsaya, amma littafin bayanin da suka sako mai shafi huɗu bai ambaci zoben ba ko sau ɗaya, wani ɗan gaba damu ne ya nuna min. Kar ka raina maganar siteji. Da gilashin ido mai lamba 18, faɗin filin da kake gani a 100x milimita 0.18 ne kawai, kuma a silaid ɗin majina na tarin fuka da aka rina da Ziehl-Neelsen ko kaurin shafin jini na maleriya sai ka bi aƙalla fili 100 kafin ka ce baka ga komai ba. Siteji mai tsalle ko mai tauri zai sa ka tsallake wuri ko ka maimaita wuri ɗaya baka sani ba.

Ɓangaren masu sayarwa, kwalbar man ta zo a tsiyaye ta jiƙa kwalin ciki, sannan ɗaya daga gilashin ido yana da baƙin ɗigo a ciki wanda baya goguwa, idan ka juya gilashin ɗigon ya juya dashi. Na tura musu hoto, kwana tara kafin su amsa, amma sun turo wani ba gardama. Abin maƙala wayar roba ce mai wahalar saitawa, sai kayi minti biyar kana neman tsakiyar haske, amma idan ya zauna hoton yana fitowa da kyau har muna tura wa juna a guruf muna gwada kanmu, wannan menene, wancan menene. Basu sako maikuromita ta awo ba, wato ɗan rular auna girman abinda kake gani, na siya daban kuma ina ganin dole ce ga mai farasaitoloji don girma yana cikin shaidar da ake rarrabewa da ita, sist ɗin Entamoeba histolytica, wato ƙwayar a lokacin da ta rufe kanta da bawo, ƙarami ne da cibiya huɗu idan ya nuna, na Entamoeba coli yafi girma da cibiya takwas. Idan wurinka akwai danshi ka saka jakar silika a cikin marufin, fumfuna na tsirowa a cikin lens kuma idan ta ci gilashin shikenan.

Yanzu abinda bazai maka ba, don wasu na zaton idan sun siya sun mallaki lab. Bairas bazaka ganshi ba, na mura kusan nanomita 100 ne, wato maikuromita 0.1, HIV kusan 120, duk suna ƙasa da iyakar Abbe. Treponema pallidum mai kawo sifilis yayi siriri da yawa sai da kondensar duhu, Mycoplasma bashi da bango balle Gram ya kamashi, ƙwayar tarin fuka da Robert Koch ya bayyana ranar 24 ga Maris 1882 bangonta kakin maikolik asid ne shi yasa take buƙatar nata rinin daban. Kuma ko waɗanda kake gani, siffa da kala kawai kake samu. Escherichia coli da Salmonella da Shigella duk jajayen sanduna ne a idonka, sai an shuka su a MacConkey, wani farantin tsirar da ƙwayoyi, an ga wa yake cin sukarin laktos, an bi da gwaje-gwajen sinadari. Curin shuɗin ƙwayoyi baya gaya maka Staphylococcus aureus ne ko epidermidis sai kayi gwajin kowagules. Entamoeba histolytica da 'yar uwarta dispar ma a siffa iri ɗaya ne, ɗaya na cuta ɗaya baya yi. Gwajin wane magani ne zai kashe ƙwaya da ake yi akan farantin Mueller-Hinton, da PCR mai neman ƙwayar halittar cuta, da na'urar GeneXpert da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince dashi don tarin fuka a 2010, duk aikin lab ne na gaske. Sannan rabin kwas ɗin, imunoloji da bairoloji da jinetiks na bakteriya da yadda magunguna ke aiki, wannan na'urar bata taɓa su ko kaɗan, zama da littafi ne kawai.

Akwai abinda nake so in ja kunne akansa da ƙarfi. Shafin intanet ɗin da na siyo na'urar yana tallata faranti da agar, abincin tsirar da ƙwayoyi, a ƙasa wai a haɗa a siya tare, don Allah kar wanda yayi shukar ƙwayoyi a ɗakin kwanansa. Dattin haƙorinka a silaid da ka gitta ta wuta abu ne, farantin da ya kwana ya tsiro abu ne daban, ɗigo ɗaya da kake gani akan agar miliyoyin ƙwayoyi ne kuma baka san wanne ka tara ba. A lab ana kashe su a otokilab, tukunyar tururi, digiri 121 na minti 15 ƙarƙashin matsin tururi, akwai kabad ɗin kariya, akwai matakan tsaro huɗu da aka tsara, shukar tarin fuka a mataki na uku ake yinta. Kai a gida baka da ko ɗaya. Kar ka ɗauko majina ko bayan gida ko jinin mara lafiya daga inda kake koyon aiki ka kawo gida, haɗari ne gareka da iyalinka kuma cin amanar mara lafiyar ne. Rinin kansa ma ba ruwa bane, kiristal bayolet guba ne a saka safar hannu, methanol kuma a nisanta shi da wuta da yara.

Wata rana da daddare gwaggona ta shigo da ɗan jikanta jikinsa zafi rau, tace ɗana tunda kana da na'urar nan ɗan duba min jininsa mu san ko maleriya ce. Yaron ya lafe a kafaɗarta idonsa a lumshe, kuma gaskiya zuciyata ta so in yi. Nace Gwaggo kiyi haƙuri, ni ɗalibi ne, idan na duba nace babu alhali akwai kuka koma kuka kwanta, falciparum a ƙaramin yaro baya jira, tashi muje asibiti yanzu. Bata ji daɗi ba da farko amma muka tafi tare. Duk wanda ya ajiye maikuroskop a gida sai an kawo masa irin wannan roƙon, gara ka shirya amsarka tun yanzu.

To wa zan ce ya siya? Idan makarantarku na barin ɗalibi ya shiga lab bayan lakca, ka fara da nan, ka girmama malaman lab ka riƙa taimaka musu da wanke silaid, zasu baka na'urar da tafi wannan kyau da ido mai gyara maka kuskure wanda babu shi a kwali. Idan kuwa irin namu ne da ƙofa ke rufe da zarar awa biyun sun cika, kuma kana nufin aikin lab ko farasaitoloji ko cututtuka masu yaɗuwa ne rayuwarka, to ya cancanta, musamman ku haɗu uku ko huɗu ku siya ɗaya ku riƙa karɓa-karɓa don ba kullum kowa ke buƙatarsa ba kuma duba silaid tare yafi duba shi kai kaɗai. Ka tabbata akwai 100x na mai mai 1.25, akwai kondensa mai hawa da sauka, sitejin na inji ne, jikin ƙarfe ne, objektib ɗin kuma irin wanda aka rubuta 160/0.17 a jikinsa ne don ka iya canza shi nan gaba. Mai ido ɗaya zai yi aiki amma awa ɗaya akan silaid ɗin jini zai sa maka ciwon kai. Waɗannan ƙananan na USB masu kama da tocila da ake cewa suna kai sau 1000 ko 1600, na duba fata ne da allon waya, bakteriya bazata fito a cikinsu ba.

A jarabawar firaktikal ta zangon da ya wuce an ajiye mana silaid takwas ba a saita ba, na fara daga 10x na nemo shafin, na hau 40x, na ɗiga mai, kafin minti ɗaya ina kan 100x, har na samu lokacin sake duba wani da na fara kira jajayen sanduna na ga ashe wankin ne yayi yawa don gefen shafin akwai shuɗi. Bakwai na samu, wanda na kasa sist ɗin Giardia ne kuma bashi cikin saitina. A yanzu haka na'urar tana hannun wata 'yar ajinmu da zata sake rubuta firaktikal ɗin wata mai zuwa, na haɗa mata da ragowar rinin da silaid ɗin maleriya. Idan ta dawo min da ita abinda zan fara yi shine canza 100x ɗin zuwa filan, in kuma nemo silaid ɗin Giardia.